Rasuwar Dattijuwa Mai Naɗe Babi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu da suka wayi gari ba su da abin dannawa, Auta mai shagon tsara littattafai, wanda ke tsakanin tela da mai gyaran waya, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan ciniki rasuwar abokiyar aikinta, kwamfutarta ta kan cinya, wadda duk layin ya fi sani da Dattijuwa. Ta cika a kan teburinta da hantsi, cajarta a jikinta, bayan doguwar jinya da ta sha da haƙuri irin na manya.

Ba a san ainihin shekarun marigayiya ba, domin ƙuruciyarta ta riga ta wuce kafin ta zo hannun Auta. Wanda ya sayar da ita ya rantse cewa wata baiwar Allah ce ta ɗan taɓa ta, ita ma ba kullum ba. Amma ko a ranar, rabin haruffan madannanta sun goge, murfinta kuma yana da tabon da ba a samunsa sai an faɗo daga kan babur. Auta ta duba ta ga ba kyau, amma akwai natsuwa. Ta rungumo ta zuwa shago, kuma tun daga nan ba su rabu ba.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon zai tuna muryarta. Da safe in an tashe ta, sai ta yi shiru tukuna kamar mai tunanin ko ta amsa, sannan ta ce "tiririn" a hankali. In aiki ya yi nauyi, fankarta ta ɗauki "fuuuu", har tela ya sha tsayar da kekensa yana dubawa ko nasa ne ya lalace. In kuma aka nemi ta yi abin da ba ta ga dama ba, kalma ɗaya take faɗa, "ɗin", ba ta ƙarawa, ba ta kuma janyewa.

Ga waɗanda ba su san sana'ar marigayiya ba, ga yadda take. Mutum zai kawo rubutunsa a hargitse, wani a takarda, wani a waya, wani rabi a takarda rabi a kansa. Auta da Dattijuwa su zauna su mayar da shi littafi, su daidaita layi, su ba kowane babi kansa, su sa lambar shafi. Wannan kowane shago yana yi. Abin da ya fito da sunan marigayiya shi ne ƙunshiyar gefe. In littafin na karantawa a waya ne ko a kwamfuta, sai ta jera masa sunayen babi-babi a gefen hagu, kowanne da 'yar kibiya a gabansa. Ka taɓa kibiyar, babin ya buɗe, ƙananan kanun da ke cikinsa su fito a jere. Ka sake taɓawa, su koma ciki, babin ya rufe bakinsa kamar bai taɓa haihuwa ba. Ka taɓa sunan da kake nema, littafin ya kai ka shafin kai tsaye, ba sai ka yi ta murza waya har babban yatsa ya yi zafi ba.

Auta tana kiran manyan babi uwaye, na ƙarƙashinsu 'ya'ya, na ƙarƙashin waɗannan kuma jikoki. Kowane kai sai ta danna masa lambar matsayinsa, ɗaya ga uwa, biyu ga 'ya, uku ga jika. In aka manta ba a ba wani kai lamba ba, Dattijuwa ba ta barinsa a titi. Sai ta ɗauke shi ta cusa a ƙarƙashin wanda ya gabace shi, ya zama ɗan gida. Auta ta sha yaba mata wannan hali a gaban mutane.

Marigayiya ba ta raina rubutun kowa. Ta yi wa mai wa'azin tsafta aiki, ta yi wa mai koyar da tuƙi, ta yi wa wani bawan Allah da ya dage cewa duk kanun littafinsa uwaye ne, domin a cewarsa babu ƙaramar magana a ciki. Ta jera masa su reras har ƙunshiyar ta kusa kamo littafin a tsawo, ba ta ce masa ko "ɗin" ba.

Ciwon ya fara ne daga batir. Da can takan ɗan jure in an ɗauke wuta, daga baya sai ta koma duk sanda wuta ta tafi, ita ma ta bi ta. Sai ƙugunta ya saki, murfin ya daina tsayuwa da kansa, aka jingina shi da wani ƙaton ƙamus da wani ya kawo ɗauri bai dawo ba. Sai zazzaɓi, har Auta ta ɗora ta a kan murafun kwalba don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Mai gyara, maƙwabcinsu, ya buɗe cikinta ya hura, ya daɗe yana kallo, ya mayar ya rufe.

"Auta," in ji shi, "wannan ba gyara take so ba, hutu take so."

"Aiki ɗaya ya rage mana," in ji Auta. "In mun gama sai ta huta."

Aikin kuwa na mahaifinta ne. Baba likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, kuma tun da ya ajiye aiki yake rubuta duk abin da ya sani game da ciwon shanu da tumaki da jakuna da kaji da awaki. Burinsa littafin ya shiga wayar tsofaffin ɗalibansa, waɗanda yanzu suke warwatse a ƙauyuka suna duba dabbobin mutane. Shi ya fi kowa son ƙunshiyar gefe. Yakan ce wanda akuyarsa ke kumbura a gabansa ba shi da lokacin karanta gabatarwa, a ba shi abin da zai taɓa ya ga magani.

Abin da ya sa gaggawa shi ne idonsa. Yanar ido ce take rufe masa gani a hankali, har asibiti suka sa ranar aiki. A baki Baba ba ya tsoro, yana cewa shi da ya farke cikin saniya a tsaye, me za a nuna masa. Amma Auta ta lura ya daina cewa "in na dawo". Abin da yake ta maimaitawa shi ne littafin ya fita kafin a taɓa masa ido.

Wannan bai hana shi sake tsari kullum ba. Zai zo da safe ya zauna a benci, sanda tsakanin gwiwoyi.

"A sa kaji a farko."

"Baba, jiya ka ce shanu."

"Na kwana da maganar. Kaji sun fi yawa a gidajen mutane."

"To awaki fa?"

"Su koma ƙarshe. Sun wahalar da ni a aiki, su ma su jira."

Dattijuwa ta kwashe awaki da 'ya'yansu da jikokinsu ta kai ƙarshen littafi, tana "fuuuu", ba ta yi ƙorafi ba. A cikin wannan jigilar ne gefen hagu na fuskarta ya fara duhu. Da fari layi ne siriri, sai ya yi faɗi, har ya cinye daidai wurin da ƙunshiya take fitowa. Auta ta koma aiki da ka, tana danna lamba tana yarda cewa abokiyarta ta ji.

Ana gobe za a kwantar da shi, Baba ya zo da takarda guda a ninke. Ya miƙa wa Auta yana kallon titi.

"Wannan ki sa shi can ƙarshe, bayan awaki, shi kaɗai. Me kike ce musu, uwa? To uwa ne."

Auta ta buɗe ta ga kan rubutun kalma ɗaya ce, "Yayata".

Dole a nan a yi wa baƙi bayani. Baba yana da yaya mace, wadda Auta ke kira Gwaggo. Ita ta riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekarun baya akuyar Gwaggo ta kwanta ciwo, Baba ya zo ya yi mata allura, kafin yamma ta mutu. Gwaggo ta ce allurarsa ce ta kashe ta. Baba ya ce taurin kanta ne, da ta ƙi kiransa sai da aka makara. Tun daga ranar ba su sake zama wuri ɗaya ba, alhali tsakanin gidajensu tafiyar ƙafa ce. Gaisuwa ma ta bakin Auta take bi. "Ki gaida ubanki." "Ki ce ina amsawa." Haka Auta ta yi ta dakon gaisuwa har ta saba.

Ta buga shafin, ta danna masa ɗaya, ta ce wa Dattijuwa ta haɗa littafin. Marigayiya ta ɗauki nishi. Ƙaramin zoben nan na jira ya yi ta juyawa a tsakiyar fuskarta, Auta ta ɗora tafin hannu a gefenta tana jin zafi kamar na dutsen guga. Baba ya tambaya ko ta mutu ne, Auta ta ce tana tunani. Can sai littafin ya fito, cikakke, aka tura shi wayar Baba.

"Bari in duba ƙunshiyar a tawa wayar tukuna, Baba."

Amma Baba ya riga ya kai waya dab da hancinsa. Ya tura wa zauren ɗalibansa na waya gaba ɗaya. Sannan ya yi gyaran murya, ya nemo lambar da ya daɗe bai taɓa ba, ya tura mata littafin, ya bi shi da saƙon murya.

"Yaya, ni ne. Ki buɗe littafin nan ki duba gefe, za ki ga inda na ajiye ki."

Ya tashi ya tafi gida haɗa jaka, yana tafe yana buga sanda kamar wanda ya sauke buhu.

Bai kai ƙarshen layi ba Dattijuwa ta yi wani sauti da Auta ba ta taɓa ji ba, "ƙirrr, ƙat", fankarta ta tsaya, sauran hasken fuskarta ya tafi. Auta ta kira mai gyara. Ya zo da 'yan ƙarafunansa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya kara kunne, sannan ya cire hularsa ya riƙe a hannu. A cikin wannan ruɗani, maganar duba ƙunshiya ta fita daga kan Auta.

Da la'asar tana zaune ta zuba wa gawar ido, sai ƙofar shago ta yi duhu. Gwaggo ce, tabarau a karan hanci, waya a gaba kamar mai riƙe da sammaci.

"Ina uban naki?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Ki zauna mana."

"Ban zo zama ba. Ya ce in duba in ga inda ya ajiye ni. Na duba manyan, ba na ciki. Na buɗe kaji, ba ni. Na buɗe shanu, na buɗe tumaki. Har jakuna na buɗe, ina cewa Allah ya sa dai ba nan ba. To duba ki gani."

Auta ta karɓi wayar. Babin ƙarshe shi ne "Awaki". A ƙarƙashinsa, kai na ƙarshe shi ne "Tsohuwar akuya mai taurin kai, da yadda ake bi da ita". A ƙarƙashin wannan kuma, an ɗan tura shi ciki kamar ɗan da ke goye, ga "Yayata".

Daga baya mai gyara ya tabbatar cewa madannin lamba ɗaya ya riga uwar ɗakinsa cikawa. Lambar ba ta shiga ba, Dattijuwa ta ga kai ba shi da kowa, ta yi abin da ta saba.

"Gwaggo, wallahi ba shi ba ne. Kuskuren na'ura ne."

"Wace na'ura?"

"Ga ta nan. Ta mutu ɗazu."

Gwaggo ta dubi kwamfutar ta saman tabarau. "Ta kyauta wa kanta."

"Kin karanta abin da ke ciki?"

"In karanta me? Na ga inda aka ɗaure ni, ai ya isa."

Auta ta taɓa sunan, littafin ya tsallake duk awakin ya sauka a shafin, domin ko a ciwon ajali marigayiya ba ta yi wasa da wannan ba. Ta fara karantawa a bayyane kafin a hana ta. Baba ya rubuta cewa dabbar farko da ya taɓa yi wa magani kazar yayarsa ce, da ta karye a ƙafa, ya ɗaure mata da tsinke da zare. Kazar ta warke a karkace, amma yayarsa ta bi gida-gida tana cewa ƙanenta likita ne, tun bai iya rubuta sunansa ba. Ya rubuta cewa lokacin da gyambo ya hana shi taka ƙafa, a bayanta ya riƙa zuwa makaranta, tana ajiye shi nesa da ƙofa don kada yara su yi masa dariya. Ya ce game da akuyar nan har gobe yana kan bakansa, an makara. Amma duk abin da ke cikin littafin nan nata ne, kuma ya yi saurin gamawa ne don idonsa yana raguwa, yana so ta gani tun shi ma yana gani.

Gwaggo ta zauna a bencin da ta ce ba ta zo zama a kai ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Me ya sami idon nasa?"

"Yana ce. Gobe za a yi masa aiki."

"Gobe. Kuma ke da kike kawo mini gaisuwa kullum, wannan ba ki kawo ba."

"Shi ya hana, Gwaggo."

Ana haka sai ga bugun sanda da sauri. Ashe wani ɗalibin Baba ne ya kira shi cikin ladabi, yana tambaya ko "Yayata" wani sabon ciwon awaki ne, don shi bai taɓa cin karo da shi ba. Baba ya shigo yana haki, bakinsa cike da faɗan da zai yi wa Auta, sai ya ga wadda ke kan benci. Ya tsaya cak.

"Yaya."

"Likita."

"Ba haka na ce a yi ba."

"Na sani. Kai ina ka ga wannan dabarar."

Ta miƙe ta kama haɓarsa, ta juya fuskarsa wajen hasken ƙofa kamar yadda ake yi wa yaro, ta duba idon dama, ta duba na hagu. Baba, mutumin da ɗalibai ke miƙewa in ya shigo, ya miƙa wuya ana juya shi.

"Wa zai raka ka?"

"Auta."

"Auta tana da gawa a gabanta. Ni zan je."

Auta ta ce za ta ari kwamfutar wani ta gyara ƙunshiyar a sake turawa, a mayar da Gwaggo uwa kamar yadda aka yi niyya. Gwaggo ta ce a bar shi yadda yake. Duk wanda ya yi haƙurin buɗe awaki har ya kai ƙarshensu, shi ya cancanci ya same ta. Sai dai in za a sake fitar da littafin, a buɗe babin jakuna a nema wa marubucin wuri. Baba ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ya tafi ya ƙarasa haɗa jaka, kuma kada ya manta da bargo.

Iyali suna farin cikin sanar da cewa aikin ido ya yi kyau. Ma'aikatan asibiti sun ba da labarin cewa majinyacin da mai jinyarsa sun yi ta musu a kan wata akuya tun daga shiga har sallama, amma a kwano ɗaya suka ci abinci.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda, wadda aka naɗe wuyanta da salatif, tana nan da ranta amma ba ta shiga jikin kowa. Ta bar firinta, abokiyar zamanta, wadda tun ranar take cin takarda ba ta fitarwa, likitoci sun ce damuwa ce. Ta bar ƙamus ɗin da ta jingina da shi, wanda har yanzu ba a iya gaya masa ba. Ta bar littattafai masu yawa a wayoyin mutane, suna buɗewa suna rufewa lafiya lau. Ta kuma bar Auta, wadda har yau in ta buɗe shago takan miƙa yatsa wajen da maɓallin yake kafin ta tuna.

Za a yi sallama da marigayiya ranar da tela ba shi da ɗinki da yawa, domin shi ya ɗauki nauyin ƙyallen da za a naɗe ta. Daga shago za a wuce da ita ƙofa ta gaba, wurin mai gyara, inda za a ciro ƙwaƙwalwarta a damƙa wa Auta, sauran sassan jikinta kuma a raba wa mabuƙata, kamar yadda ake kyautata zaton za ta so. Za a karɓi gaisuwa a bencin shago. Baba zai zauna a dama da baƙin gilashinsa, Gwaggo a hagu, kuma ana shawartar masu zuwa su gaishe su tare, kada a fara da ɗaya.

Ba a buƙatar kuka mai sauti, saboda maƙwabta suna aiki. Masu tallan sabuwar kwamfuta su dakata sai an share makoki. A ƙarshe, iyali suna roƙon jama'a da babbar murya, duk wanda ya zo ya yi gaisuwarsa ya tafi, kada ya tambayi Auta ko ta gwada kashe ta ta sake kunnawa. An gwada.